Magatakardan Kotu da Harshen Rubuta Shari'a a Ƙasar Daura

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a zauren alƙali ya san cewa idon jama'a yakan tsaya ne a kan mutum uku, watau alƙali da mai ƙara da wanda ake ƙara. Ba safai akan kula da malamin nan da ke gefe, wanda ya duƙufa a kan littafi ba. Amma da zarar an tashi daga zama, maganar baki ta bi iska, to abin da wannan malami ya rubuta shi ne shari'ar. Manufar wannan maƙala ita ce duba aikinsa a ƙasar Daura, musamman ta fuskar harshe.

Daga Larabci zuwa Boko

Turawa sun mayar da sarautar Daura ga gidan Haɓe a 1906, lokacin da Malam Musa ya shiga birnin. A wannan shekara ce kuma aka yi wa dokar kotunan gargajiya kwaskwarima, aka bar wa alƙalai shari'arsu, amma Razdan da Di'o suna da ikon duba littattafansu, su gyara hukunci in sun ga dama. Wannan ne ya ƙara wa rubutu daraja, domin Bature ba ya zaune aka yi shari'a, littafi kawai yake gani.

A farkon wannan zamani da Larabci ake rubuta shari'u a masarautun Arewa. Misalin da aka fi sani shi ne na majalisar Sarkin Kano Abbas, wanda Allan Christelow ya fassara wani sashe nasa a 1994, ga shi kuwa Daura tana cikin Lardin Kano har zuwa 1934. Sai a lura da nisan tafiyar da magana take yi: manomi daga Zango ko Ɓaure ya faɗi kukansa da Dauranci, malami ya taƙaita shi da Larabcin littattafan fiƙihu, sa'an nan wani ya sake juya wa Di'o. Daga baya Hausar boko ta karɓi wannan aiki. A 1968 aka cire kotuna daga hannun En'e, suka koma ƙarƙashin gwamnatin jiha da sunan kotunan yanki, aka kuma rufe kotunan sarakuna. A shekarar 2000 Jihar Katsina ta kafa kotunan shari'ar Musulunci. Ita kuwa Babbar Kotu, Turanci ne harshenta, sai an bi ta bakin tafinta kafin maganar Bahaushe ta shiga littafi.

Inda gizo yake saƙa

Akan ɗauka cewa tun da mai magana da mai rubutu duk Hausawa ne, ai matsala ta ƙare. Ba haka abin yake ba. Magatakarda ba ya iya kama kowace kalma, tilas ya zaɓa, a wurin zaɓen nan kuwa haƙƙin mutum yakan salwanta.

Alal misali, a rigimar gona, dattijo ya ce, "Ubana ne ya ba ubansa ya ci." Wannan "ba" tana iya zama aro, ko jingina, ko kyauta, kowace da hukuncinta. Idan malami ya yi gaggawa ya rubuta "ya ba shi kyauta", ya yanke shari'ar tun alƙali bai buɗe baki ba. Haka nan miji ya ce wa matarsa, "Je ki gidanku." Wannan kinaya ce, sai an bincika nufinsa, amma in aka rubuta "ya sake ta", an mayar da ita lafazi bayyananne. Har ila yau, tsakanin "na gani" da "an ce mini" akwai tazarar da ke tsakanin shaida da jita-jita. Ga kuma boko, wanda ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, sai mai karatu ya dogara ga abin da ke kewaye da kalma.

Mafi nauyi duka shi ne i'izari, watau tambayar da alƙali kan yi wa wanda hukunci zai hau kansa, ko yana da sauran hujja. Malaman Malikiyya, kamar Ibn Asim mai Tuhfa, sun sa shi gabanin hukunci. Alƙalan ɗaukaka ƙara ba su ga zaman ba, kwafin shari'a ne a gabansu. In babu i'izari a ciki, sukan rushe hukuncin, ko da an yi shi a baki.

Shari'ar Amina Lawal ta nuna ƙarfin kwafi. Kotun Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa a Maris 2002, ta Funtuwa ta tabbatar a Agusta. Ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Katsina ta sallame ta, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Cikin dalilansu har da cewa alƙalin Bakori shi kaɗai ya zauna, alhali doka ta ce ya zauna da mutum biyu.