Yadda Ake Kare Injin Babur Daga Ƙura da Taɓo

Ka lura da babur ɗin da ya yi wata guda yana bin hanyar burji da hunturu. Tanki sai sheƙi yake, domin kullum mai shi yana bin sa da tsumma. Amma sunkuya ka leƙa inji: jar ƙasa ta gauraya da maiƙo ta yi kanta a tsakanin haƙarƙarinsa. Yawancin baburanmu, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue, ba su da lagireto, iska ce ke sanyaya su ta waɗannan haƙarƙari. Idan taɓo ya liƙe su, tamkar ka lulluɓa wa inji bargo ne da tsakar rana. Ga yadda ake yi masa.

Da farko, ka kafe babur a jak na tsakiya, ka bar shi ya huce kamar rabin awa. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana iya sa shi ya tsage ko ya karkace.

Sai ka toshe ƙofofin da ruwa zai bi. Ka ɗaure bakin salansa da leda da roba, ka rufe mashigar iska ta iyakilina, ka tabbatar hular fulogi ta zauna daram. Wanda ya tsallake wannan, shi ne za ka gani yana ta buga kik bayan wanki, gumi na zuba, babur ya ƙi tashi.

Yanzu wanki. Kada ka kankare busasshen taɓo da sukundireba. Jiƙa shi tukuna, ya yi laushi, sannan ka bi shi da soso da ruwan omo. Inda maiƙo ya daskare, ka tsoma tsohon buroshin haƙori a kananzir ka goge. Ka guji fetur, domin yana cin roba, ga haɗarin gobara. Tsakanin haƙarƙari kuwa, naɗa tsumma a siririn kara ka bi su ɗaya bayan ɗaya. In wurin wankin mota ka kai shi, ka ce wa yaron kada ya saita tiyo mai ƙarfi a kan kafireto da wayoyi da boris na ƙafafu, domin ƙarfin ruwan yana kore giris ya cusa yashi a madadinsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ka ɗauraye, ka tsane da busasshen tsumma, ka cire ledojin, ka tada inji na 'yan mintoci. Kafin ka hau titi, gwada birki, domin jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa da wuri.

Duk wannan dattin waje ne. Wanda ke kashe inji shi ne wanda ido ba ya gani, kuma ta iyakilina yake shiga. Ƙurar da ta wuce shi takan haɗu da baƙin mai ta riƙa cin fistin da zobensa kamar samfefa, har babur ya fara hayaƙi yana shan mai. Buɗe akwatin iyakilina, ka goge cikinsa kafin ka zaro matacin. In na soso ne, ka wanke shi da kananzir, ka matse a tafin hannu ba tare da murɗawa ba, ka shanya a inuwa. In ya bushe, ka ɗiga masa sabon baƙin mai kaɗan, ka mammatsa har ya ratsa ko'ina, ka matse rarar. Wannan danshin shi ke cafke ƙura. In na takarda ne, ba ya son ruwa, ba ya son mai: kakkaɓe shi a hankali, in ya yi baƙi ka sake sabo. Da hunturu, ka riƙa duba shi duk mako. Kuma kada ka yarda wani ya cire maka shi wai don babur ya ƙara gudu.

Sarƙa ma ka wanke ta da kananzir, ta bushe, ka sa mata mai daidai wa daida, ka goge wanda ya yi yawa, domin shi ke kwashe yashi. Ka bar mata sassauci na santimita 2 zuwa 3.

Ranar juyen baƙin mai, ka goge kewayen murfin mai kafin ka kwance shi, kuma mazurarin ya zama mai tsabta. Ka murza tsohon man a tsakanin yatsu biyu. In ka ji ɓurɓushi kamar yashi, ƙura ta sami hanya, sai ka duba robar da ta haɗa iyakilina da kafireto ko ta tsage.

Saura tsare gaba. Yanki tsohon tub ka ƙara wa madigadin gaba tsawo, ya tare taɓon da taya ke watsa wa inji, amma kada ya rufe haƙarƙarin. Duk inda mai ke yoyo, kai wa bakanike ya sake gasket, domin busasshen inji ƙura ba ta kama shi sosai. A hanyar burji kuma, in tifa ta sha gabanka, sassauta ka bari ƙurarta ta lafa. Abin da ka shaƙa ka yi tari, injinka ma ya shaƙe shi, sai dai shi tarinsa a garejin bakanike ake jin sa.