Harshen saniya: ganyen miya a gwangwani

A Adjamé da Treichville ba mu da gona, amma harshen saniya ba ya neman gona. Shimfiɗe yake fitowa tsakanin duwatsu: kara ja-ja mai ruwa, ganye mai kauri, ƙananan furanni rawaya. Kafin ya shiga tukunya, mu karya reshe. In ruwa fari kamar madara ya fito, ba shi ba ne, dangin nonon kurciya ne, a yar.

Na bakin kwata kuwa, kada yara su tsinko. Gara mu huda gindin gwangwani, mu zuba tsakuwa, yashi da ɗan taki, mu soka reshe, mu ajiye a rana. Kada a manta hujin: ruwan Yuni in ya kwanta, ruɓewa zai yi.