Dutsen da Ba a Hawa da Motar Gida: Darasi Daga Dajin Bandipur na Indiya

Darasinmu na wannan makon zai kai mu kudancin ƙasar Indiya. Tun da wuri bari in faɗa, ni ban taɓa zuwa ba, don kada wani ya tare ni a bakin aji yana neman tsaraba. Yayana ne yake karatun haɗa magunguna a birnin Mysuru, wanda ake furtawa Maisuru. A hutun da ya wuce, shi da abokansa uku suka yi tafiyar yini guda zuwa wani dutse mai ɗakin bauta a samansa, a tsakiyar dajin namun daji.

Da suka koma masauki ya kira gida yana mita. Ya ce, "Umma, kin san mun biya kuɗin hayar mota, amma aka hana mu hawa dutsen da ita?" Umma ta ce, "To, ba garin mutane ka je ba? Sai ka bi dokarsu." Na karɓi wayar na ce, "Yaya, me ya sa suka hana?" Ya yi dariya ya ce, "Auta, ba ke ce 'yar jarida ba? Je ki bincika." Na duba taswira a ɗakin karatu, na tambayi malamarmu ta kimiyya, na kuma dame shi da tambayoyi har ya gaji da ni. Ga abin da na samo.

INA NE WURIN?

Sunan dutsen Himavad Gopalaswamy Betta. Yana jihar Karnataka, wadda babban birninta shi ne Bengaluru. A harshen Kannada da ake yi a jihar, betta na nufin dutse, himavad kuma na nufin mai hazo. Gopalaswamy suna ne na Krishna, ɗaya daga cikin waɗanda mabiya addinin Hindu suke bauta wa. Ɗakin bautar ya haura shekara 700 da ginawa.

Tsawon dutsen ya kai kimanin mita 1,450 daga saman teku, kuma shi ne wuri mafi tudu a gandun dajin Bandipur. Garin Jos da muke cewa yana da sanyi bai wuce kimanin mita 1,200 ba.

Gandun dajin yana da tarihi. A 1931 sarkin Mysuru ya keɓe wani yanki na dajin don kare dabbobi. A 1973 gwamnatin Indiya, a zamanin Firaminista Indira Gandhi, ta ƙaddamar da shirin ceto damisa mai ratsi-ratsi, wato taiga, kuma Bandipur na cikin dazuzzuka tara na farko da aka zaɓa. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 870. Yana haɗe da dajin Nagarahole a Karnataka, da Mudumalai a jihar Tamil Nadu, da Wayanad a jihar Kerala. Giwa ba ta san iyakar jiha ba, don haka takan ratsa daga wannan daji zuwa wancan.

YADDA TAFIYAR TA KASANCE

Su Yaya sun bar Mysuru da ƙarfe shida na safe. A lokacin mu nan ƙarfe ɗaya da rabi na dare ne, domin Indiya tana gabanmu da awa huɗu da rabi. Sun yi kudu kimanin kilomita 60 zuwa garin Gundlupet, inda suka karya kumallo. Daga nan kimanin kilomita 20 ne zuwa dutsen, ana ratsa gonakin furanni.

A gindin dutsen akwai shinge da ma'aikatan gandun daji. Nan ne aka ce su ajiye motarsu, su bi layi su hau bas ta gwamnatin jihar. Babu bambanci, wanda ya zo ibada da wanda ya zo kallo duk bas ɗaya suke shiga. Titin siriri ne, ga kwana bayan kwana. A hanya sun ga kashin giwa ɗanye a kan kwalta, kuma direban bai tsaya ba ko sau ɗaya.

Da suka kai sama, hazo ya rufe ko'ina, har ba sa ganin wanda ke taku ashirin gabansu. Abokinsu ɗan addinin Hindu ya cire takalmi ya shiga ibadarsa. Yaya da sauran suka tsaya a harabar, ba su yi hayaniya ba, ba su kuma ɗauki hoton masu ibada ba. Can sai iska ta yaye hazon, suka hango tuddai masu ciyawa da daji shimfiɗe har iyakar gani, da wasu giwaye can nesa kamar duwatsu masu motsi.

Wani daga cikinsu ya so ya sauka cikin ciyawar don ya ɗauki hoto, ma'aikaci ya tsawata masa ya dawo. Ba su yi awa ɗaya ba suka sauko. Ba a kwana a saman dutsen, kuma wajen ƙarfe huɗu na yamma ake daina hawa.

ME YA KAWO HAZON?

Hazonsu ba irin namu ba ne. Namu na hunturu ƙura ce da iska ke kwasowa daga Sahara, shi ya sa yake busar da leɓe. Nasu kuwa ruwa ne. Malama ta ce duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da kimanin digiri shida da rabi. Idan iska mai danshi ta ci karo da dutse, dole ta hau sama. Tana hawa tana yin sanyi, sai tururin da ke cikinta ya koma ƙananan ɗigon ruwa. Wato mutumin da ke saman dutsen a cikin gajimare yake tsaye. Wannan danshin, da ruwan damina da ke sauka daga Yuni zuwa Satumba, su ne ke rayar da ciyawar da giwaye ke hawowa ci.

MASU GIDAN

Akwai giwar Asiya. Kunnuwanta ba su kai na giwar Afirka girma ba, kuma maza ne kawai ke da dogon haure, su ma ba duka ba. Babbar giwa takan ci kimanin kilo 150 na ciyawa da ganye a rana, tana kuma ɗaukar ciki na kusan wata 22. Ku lura da wannan lissafin: idan mota ta kashe giwa ɗaya, za a daɗe kafin a sami madadinta.

Akwai taiga, da damisa mai roɗi-roɗi irin wadda muka sani, da wata ƙatuwar ɓauna mai fararen ƙafafu kamar ta sa safa, da barewa mai ɗigo-ɗigo, da karnukan daji, da birai, da ɗawisu. Yaya bai ga taiga ba, kuma ya ce ko kaɗan bai yi baƙin ciki ba.

AMSAR TAMBAYATA

Yanzu mu koma kan motar. Na gano dalilai huɗu.

Na ɗaya, mai motar kansa yana tsayawa inda ya ga dama. Zai fito ya ɗauki hoto, ya yi oda, ya kunna kiɗa. Giwa mai ɗa idan ta firgita takan kai hari, daga nan sai a ce giwar ce muguwa. Bas kuwa daga gindi sai sama.

Na biyu, shara. Mutum ya ci abinci ya yar da leda, dabba ta ji ƙamshi ta haɗiye, ledar ta toshe mata ciki. Biran da aka saba ba su biskit kuma sukan bar neman abinci a daji, su dawo bakin titi suna fizgen jakar mutane.

Na uku, gobara. Da rani ciyawa takan bushe ƙayau, guntun taba ɗaya ya isa. A watan Fabrairun 2019 wuta ta cinye fiye da eka 10,000 a dajin Bandipur, har da yankin wannan dutsen, sai da aka kawo jirage masu saukar ungulu na sojan sama suna zuba ruwa. Barewa tana iya gudu, amma ƙwan tsuntsu da kunkuru da ƙananan dabbobi ba su da wurin zuwa.

Na huɗu, dare na dabbobi ne. Da yamma suke fitowa kiwo da shan ruwa. Shi ya sa ake sallamar mutane da wuri. Saboda wannan dalilin ne kuma tun 2009 ake rufe manyan titunan da suka ratsa dajin daga ƙarfe tara na dare zuwa shida na safe, in ban da motocin gaggawa da 'yan bas kaɗan, domin a da motocin dare suna banke dabbobi.

Ko irin wannan kula tana da amfani? A 2006 ƙidaya ta nuna taiga 1,411 ne suka rage a Indiya baki ɗaya. A ƙidayar 2022 an ƙiyasta 3,682. Ba dokar dutse ɗaya ce ta kawo haka ba, aikin dazuzzuka da yawa ne, amma Bandipur na cikinsu.

WAƊANDA ABIN YA TAƁA

Ba zan ɓoye muku ba, dokokin nan suna da waɗanda suke cutuwa da su. Rufe titi da dare yana sa direbobi da 'yan kasuwa su kwana a bakin shinge ko su yi dogon zagaye. A 2019 mutanen Wayanad sun yi babbar zanga-zanga a kan haka, har ɗalibai sun shiga.

Manoman gefen daji su ma suna shan wuya. Garken giwaye na iya shiga gona a dare ɗaya ya gama da abin da aka yi wata huɗu ana nomawa. Gwamnati tana haƙa ramuka, tana kafa shingen waya mai lantarkin rana da na tsohon ƙarfen jirgin ƙasa, amma har yau matsalar ba ta ƙare ba. Baba manomi ne, kuma da na karanta masa wannan ya ce, "Mai gona ba zai ga kyan giwa ba." Na kasa ba shi amsa. Ina ganin idan ana so manomi ya ƙyale giwa, dole a biya shi asararsa da wuri.

ABIN DA NA KOYA

Wahalar su Yaya ita ce mafi ƙanƙanta a cikin duka: bin layi da kuɗin bas. Shi ya je na awa ɗaya ne ya dawo, giwa kuwa nan ne gidanta, ba ta da wani. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Wanda zai tafi kafin la'asar bai kamata ya bar wa masu gida ɓarnar shekaru ba.

Mu ma muna da giwaye a Yankari ta jihar Bauchi. Idan Allah ya sa makarantarmu ta kai mu, ko wani dajin daban, mu riƙe abu huɗu: mu bi maganar ma'aikaci, kada mu ba dabba abinci, mu dawo da ledarmu a jaka, kuma mu girmama wurin ibadar mutane ko da ba addininmu ɗaya ba.

Na tura wa Yaya wannan rubutun kafin a manna shi. Ya ce, "Auta, na janye mitata, amma kuɗin hayar motar har yanzu yana yi mini ciwo."

GWADA KANKA

1. Mene ne bambancin hazon hunturu da hazon saman dutse?
2. Mysuru tana kimanin mita 770 daga saman teku, dutsen kuma mita 1,450. Da digiri nawa zafi zai ragu idan aka hau?
3. Taiga nawa aka ƙaru da su tsakanin 2006 da 2022?
4. Da kai ne shugaban gandun dajin, me za ka yi wa manomin da giwa ta cinye masa gona?

A rubuta amsa a takarda, a sa suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu manna amsar da ta fi kyau a mako mai zuwa. Don Allah kada a yi rubutu a jikin allon.

Daga 'yar aji biyu, ƙaramar sakandare