Ku riƙe masu reno kafin ku ɗaga katanga

Duk wanda aka damƙa wa shugabancin gidan marayu, abinci da magani da kuɗin makaranta ne ke hana shi barci. Da wuya ya zauna ya ƙirga mata nawa suka goya yaro guda tun ranar da aka kawo shi. Alhali wannan lissafin ne ke nuna ko gidan na tafiya daidai.

Jariri da mutum yake shaƙuwa, ba ruwansa da sunan hukuma ko na gidauniya. Tun 1951 likitan nan na Ingila, John Bowlby, ya ja hankalin Hukumar Lafiya ta Duniya a kan illar da ke samun yaron da ya tashi ba shi da uwa tsayayya. Daga baya aka gwada abin a gidajen jarirai na birnin St. Petersburg a Rasha, aka wallafa sakamakon a 2008. A wani gida horo kawai aka ba ma'aikata. A wani kuma an ba su horon, aka rage yawan yaran kowane ɗaki, aka tsayar musu da mata biyu na dindindin. Yaran gida na biyun ne suka fi girma da wayo.

To, me ke korar mai reno? Na farko albashi, kuma jinkirinsa ya fi ƙarancinsa ciwo. Matar da ke da nata 'ya'yan a gida ba za ta jure "a ƙara haƙuri" wata uku a jere ba. Ku ware kuɗin albashi daban, kada a taɓa shi ko da rufin ɗaki na yoyo. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 ne. In ba ku kai can ba, ku cike giɓin da abinci, da magani, da kuɗin makarantar 'ya'yanta. Masu hannu da shuni suna son kawo buhun shinkafa da azumi da kayan sallah, a ɗauki hoto. Allah ya saka musu. Amma ku fito fili ku ce: "Alhaji, shinkafa ta ishe mu, ɗauki nauyin albashin mai reno ɗaya na shekara." Wanda ya fahimta ma ku nuna masa hanyar waƙafi, ko shago guda ne da hayarsa za ta riƙa shigowa.

Sai tsarin aiki. Kowace mai reno ta san yaranta, shida ko bakwai, su ma su san ta. Kada a riƙa juya su daga ɗaki zuwa ɗaki da sunan adalci, kuma kada a raba yaro da ita don kawai an yaye shi. A ba ta ranar hutu tabbatacciya, mace ɗaya sananniya ce za ta riƙa karɓarta. A ajiye littafi a ɗaki: wa ya ƙi cin abinci, wa ya yi zazzaɓi, wa ya kwana kuka.

Kada ku yi wa mai reno faɗa a gaban yara ko baƙi. Ku kira ta gefe. Matar da yara ke kira Inna, in aka wulaƙanta ta a gabansu, ba ta da sauran bakin yi musu magana.

Wajen ɗauka, ni na fi son dattijuwa ko bazawara 'yar unguwa, wadda mai unguwa ya san ta, a kan budurwa mai takarda da ke jiran wani aikin. Amma daɗewa ba ta wanke mai dukan yara ko mai karkatar da abincinsu. Irin wannan a sallame ta a ranar, a sanar da ofishin jin daɗin jama'a.

In tafiya ta zama dole, aure ne ko ƙaura, ku nemi sanarwar wata guda. Sabuwar ta yi aiki tare da ita, a gaya wa yara gaskiya, a yi sallama. Kada yaro ya farka ya tarar Innarsa ba ta nan, a ce masa ta je kasuwa.

Ku ma shugabanni ba dawwama za ku yi ba, musamman a gidajen gwamnati inda takardar canjin wurin aiki ke zuwa ba sallama. Ku horar da mataimaki tun yanzu, ya san fayil ɗin kowane yaro, da masu ba da tallafi, da inda makullin sito yake.