Tambaya da Amsa: Babbar Motar Tafi-da-Gidanka Zan Saya Ko Ƙarama?

Tambaya: Malam Habibu ne ya rubuto mana daga birnin Hamburg na ƙasar Jamus. Ya ce ya daɗe yana tara kuɗi domin ya sayi motar tafi-da-gidanka, irin mai gadaje da wurin girki da banɗaki a ciki, don shi da uwargida da 'ya'yansu huɗu su riƙa fita lokacin hutun makaranta. Ya samu guda biyu na hannu, farashinsu kusan ɗaya. Ɗaya an rubuta mata kilo 3,500, ɗayar kuma kilo 4,250. Zuciyarsa tana kan babbar, amma abokai sun ce zai jawo wa kansa wahalar lasisi da kuɗin hanya. Abin da ya fi damunsa, in ji shi, kada ya zuba gumin shekaru cikin abin da zai zama nadama, kuma kada ya jefa iyalinsa cikin haɗari.

Amsa: Malam Habibu, barka da ƙoƙari, Allah Ya sanya albarka a abin da ka tara. Ka kwantar da hankalinka. Wanda ya tsaya ya yi tambaya kafin ya miƙa kuɗi bai makara ba, kuma duka motocin biyu ba wadda take tarko ce a kan kanta. Abokanka sun faɗi gaskiya, sai dai rabinta suka faɗa.

Bari mu fara da lambobin nan biyu, domin nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Kilo 3,500 ba nauyin motar ba ne. Shi ne iyakar abin da doka ta yarda ta kai idan an haɗa komai: ita kanta, da mai, da ruwa, da mutane, da kaya har cokali. Saboda haka lambar da ta shafe ka ita ce ratar da ke tsakanin nauyin motar da wannan iyaka. Wannan ratar ce rabonka na lodi.

Mu yi lissafi tare, a matsayin misali. A ce takardun ƙaramar sun nuna nauyinta kilo 3,050 a shirye take ta hau hanya. Saura 450. A cikin wancan nauyi an riga an sa direba, amma kilo 75 kawai aka yanka masa. In ka fi haka, ragowar daga rabonka za a cire. Uwargida da yara huɗu, ko da biyu ƙanana ne, da wuya su gaza kilo 230. Sai ruwa. Kamfanoni da yawa lita 20 kacal suke lissafawa a tanki, alhali tankin yana cin ɗari ko fiye, kuma kowace lita kilo ɗaya ce. Gidan da mutum shida za su yi alwala sau biyar a rana, ga girki ga wanke-wanke, ba zai yi tafiya da lita 20 ba. Ka cika tanki, ƙarin kilo 80 ko fiye sun tafi. Ka ƙara rumfar da aka ɗaura a gefe da tukunyar gas ta biyu, za ka tarar abin da ya rage bai kai buhun shinkafa biyu ba, kuma har yanzu ba a sa tufafi ba, ba a sa tukwane ba, ba a sa kekunan yara ba.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba su cika ambata ba. Dokar Turai ta ba kamfani damar motar ta fi abin da aka rubuta nauyi da kashi 5 cikin ɗari. A motar kilo 3,000, wannan kilo 150 ne. Ga shi kuma ta hannu ce, wanda ya riƙe ta kafin kai mai yiwuwa ya ƙara batir, ya ɗora faifan sola, ya sa maratayin kekuna, duk ba su cikin takarda.

Yalwar rabon lodi ita ce babban alherin mai nauyi. Ɗakin ba lallai ya fi girma sosai ba, amma ƙashin da aka ɗora shi a kai ya fi ƙarfi. Yawancin motocin nan a kan Fiat Ducato ake gina su, kuma akwai mai ƙaramin ƙashi da mai babba. Babban yana zuwa da birki mafi girma da ƙafafu masu ɗaukar kaya. Shi kansa ya ɗan fi nauyi, don haka ba duka kilo 750 na bambancin ne za su zama naka ba, amma mafi yawansu naka ne. Motar da ke tafiya da sauran sarari a jikinta ta fi wadda kullum take maƙure a iyakarta natsuwa a kwana, tayoyinta ba sa zafi kamar na waccan, kuma birkinta yana da abin da zai bayar idan an matsa masa a gangaren dutse.

Na daɗe a kan wannan ne saboda tsoron da ka ambata na haɗari. Mu da muka taso muna ganin yadda ake labta wa motocin haya kaya a hanyoyinmu na gida, mun san abin da lodi fiye da kima yake haifarwa, mun kuma san gidajen da aka yi zaman makoki saboda shi. A Jamus tarar ba ta da yawa idan an ɗan wuce: Yuro 10 ce a kashi 5 cikin ɗari, tana hawa har 235 a kashi 30, kuma daga kashi 20 ake sa wa mutum maki a lasisi. A wasu ƙasashen maƙwabta ta fi haka zafi nesa ba kusa ba, kuma ana iya hana ka motsawa sai ka sauke kaya a gefen hanya. Amma ni ba tarar ce take damuna ba. Rayuka shida ne a cikin motar, biyar daga ciki amana ce a hannunka. In kuma aka yi haɗari aka auna motar aka ga ta wuce iyaka, kamfanin inshora zai samu abin kamawa.

To, ga rabin da abokanka suka faɗa. Lasisin B da kake da shi a kilo 3,500 ya tsaya. Babbar tana buƙatar C1, wanda ya kai har 7,500. Tsofaffin Jamusawa da kake gani suna jan manyan motocin nan, yawancinsu lasisinsu na kafin 1999 ne, wanda ya haɗa musu da wannan izini. Kai sai ka koma makarantar tuƙi, ka ga likita, a gwada idonka, ka rubuta jarrabawa, ka yi gwajin hanya, sannan duk shekara biyar a sabunta da sabon gwajin lafiya. Kuɗi ne da lokaci, ka sa su cikin farashin motar tun yanzu. A 2025 Tarayyar Turai ta amince da sabon tsari da zai bai wa mai lasisin B damar jan irin wannan mota har kilo 4,250 bayan ƙarin horo ko gwaji, amma an ba kowace ƙasa shekaru kafin ta shigar da shi cikin dokarta. Kada ka saya da dogaro da shi. Abin da ke bayan katinka yau shi ɗan sanda zai duba.

Ka kuma yi shawara da uwargida a kan wannan. In tana tuƙi, a ƙaramar za ta iya karɓarka idan ka gaji ko jikinka ya motsa a tsakiyar tafiya. Babbar kuwa, in ba ita ma ta yi C1 ba, kai kaɗai ne direba daga Hamburg har inda za ku. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ita ya kamata ta faɗi ra'ayinta kafin a yanke.

A kan hanya, mota ta wuce 3,500 sai a fara yi mata kallon babbar mota. A Jamus gudunka kilomita 100 ne a babban titi, 80 a wajen gari, kuma allon da ya hana manyan motoci wuce na gabansu ko shiga wata hanya ya hau kanka. Ga mai ɗauke da yara, ban ɗauki rage gudu a matsayin asara ba. Kuɗin hanya ne ya fi ciwo. A Ostiriya ƙaramar takardar izini kawai za ta saya, babbar kuwa sai an liƙa mata na'urar GO-Box ana cajinta kilomita bayan kilomita. A Siwizalan akwai harajin manyan motoci na daban. A Faransa ajin kuɗinta ya fi tsada a shingen biya, kuma tun Janairun 2021 dole a manna mata takardun gargaɗi masu nuna wuraren da direba ba ya gani. Binciken lafiyar mota ma, da zarar ta wuce shekara shida, duk shekara ne maimakon bayan biyu. Ta fi shan mai, harajinta ya fi, kuma ranar da za ka sayar masu saye ba su kai na ƙaramar yawa ba. Ina kyautata zaton wannan ne ya sa ka same su farashi kusan ɗaya.

Ga abin da nake gani, Malam Habibu. Da kai da uwargida ne kaɗai, da na ce ka ɗauki ƙaramar ka huta. Amma ku shida ne, kuma yara girma suke yi, nauyinsu na bana ba shi ne na baɗi ba. Ƙaramar za ta sa ka zama mai karya doka duk ranar da kuka fita, ko kuma ka zama mai gardama da iyali a bakin ƙofa a kan wace jaka za a bari. Babbar ce ta dace da gidanka, da sharaɗin lasisi ya riga mota zuwa.

Kafin ka biya ko sisi, ka roƙi mai motar ku je sikeli tare. Cibiyoyin binciken mota na TÜV da DEKRA da dama suna aunawa, haka wuraren sayar da tsakuwa da na karɓar tsofaffin ƙarafa. Mai sayarwar da ya ƙi wannan, ka bar masa kayansa. A auna gaba daban, baya daban, domin a jikin motar akwai ɗan allon ƙarfe, galibi a ƙarƙashin bonet ko a bakin ƙofa, mai nuna iyakar ƙafafun gaba da na baya kowanne da nasa. Mota tana iya zama ba ta kai iyakarta gaba ɗaya ba amma bayanta ya wuce nasa, musamman mai dogon ɗakin ajiya a bayan taya, inda hannu ke saurin tura duk wani abu mai nauyi.

Ka ƙirga kujerun da ke da bel, kada ka ƙirga gadaje. Akwai motar da ke kwantar da mutum shida amma huɗu kawai takardunta suka yarda ta ɗauka a kan hanya, kuma irin wannan ba ta da amfani a gare ka komai arharta. Ka duba shekarar tayoyi a lambobi huɗu da ke gefensu, domin motocin nan sun fi zama a ajiye, tayar takan tsufa tun zanenta bai cinye ba. Ka tambayi kamfanin da ke jan motarka idan ta lalace ko yarjejeniyarku ta kai wannan nauyi da wannan tsawo. Ka kuma san inda za ta kwana a watannin sanyi, don titunan unguwa a Hamburg ba su da wurin mota mai tsawon mita bakwai.

In da hali, bayan ka samu C1 ka ɗauki hayar irinta na mako guda, ku loda ta yadda kuka saba, ku bi ta kan sikeli a hanyar fita gari, ka rubuta abin da ya nuna. Da wannan takarda a aljihu za ka je wurin ciniki. A gaida uwargida da yara, Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya.