Kirsimeti A Ƙasar Baƙunci

Da yawa daga cikinmu muna da 'ya'ya da ƙanne a Ingila da Amurka. Kirsimeti kan same su cikin tsananin sanyi, babu kiɗan ganga, babu waƙar zumuntar mata, babu yara masu kai kwanukan shinkafa gida-gida. Abin tsoro shi ne jikokinmu su tashi da sanin kyauta, ba tare da sanin Mai Ceto ba.

Littafi Mai Tsarki ya san baƙunci. Yusufu ya gudu da Maryamu da jariri Yesu zuwa Masar saboda Hirudus (Matiyu 2). Daniyel kuma, a Babila, yakan durƙusa sau uku a yini, tagoginsa a buɗe wajen Urushalima (Daniyel 6). Ƙasa ta sāke, amma addu'arsa ba ta sāke ba.

A shekara ta 1964, Majalisar Batikan ta Biyu ta kira iyali ikilisiyar gida. Ashe duk inda iyaye suka durƙusa da 'ya'yansu, nan gida yake.

Saboda haka mu gargaɗi namu da ke waje su halarci Misar tsakar dare tare, su koya wa yara addu'ar Ubanmu da Hausa, su kuma miƙa wa maƙwabci abinci, ko wane ne addininsa, kamar yadda muka gada. Mu ma kada mu tambaye su aiken kuɗi kawai. Mu tambaye su labarin bangaskiyarsu.

Iyali Mai Tsarki, ku yi addu'a dominmu. Amin.