Tambaya da Amsa: Shin Buda ya koyar da cewa ɗan Adam ba shi da zaɓi?

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce mai karatun falsafa a jami'a. An koya mana cewa a wurin Buda babu abin da ke faruwa ba tare da sanadi ba. To idan kowane abu yana da sanadi, shi ma sanadin yana da nasa, ina zaɓin mutum ya shiga? Ashe ba cewa yake yi duk wahalar da mutum ke sha sakayya ce ta abin da ya aikata a wata rayuwa ta baya ba? Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: Ra'ayin da kike jingina wa Buda yana daga cikin ra'ayoyin da shi da kansa ya yaƙa. Amma sai kin san zamaninsa za ki gane dalili.

Siddata Gotama, wanda aka yi wa laƙabi da Buda, an haife shi a Lumbini da ke ƙasar Nepal ta yau, ya rayu wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya yi wa'azinsa a kwarin kogin Ganga da ke arewacin Indiya, ya mutu yana da shekara 80. Zamani ne na masu gudun duniya da ke yawo gari-gari suna muhawara. Akwai Makkali Gosala, jagoran 'yan Ajibika, mai cewa komai a yanke yake, ƙoƙarin mutum ba ya ƙara kome ba ya rage kome. Akwai Ajita Kesakambali, mai cewa mutum haɗin ƙasa da ruwa da wuta da iska ne kawai, in ya mutu shi ke nan. Tsakanin waɗannan Buda ya nemi hanyarsa.

Littattafan Pali, waɗanda aka daɗe ana haddace su kafin a rubuta su a kan ganyen goriba irin ta can a Siri Lanka cikin ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, sun kira koyarwar tasa paticca-samuppada. Taƙaitawarta: abu yana samuwa ne idan sharuɗɗansa sun samu, yana gushewa idan sun gushe. Ki lura da rabi na biyu, domin nan ne amsarki take. Buda bai damu da gano farkon duniya ba. An sha tambayarsa ko duniya dawwamammiya ce, ko tana da iyaka, ya ƙi amsawa. Damuwarsa ɗaya ce: me ke riƙe da wahala, kuma me za a janye ta faɗi?

Ya jera matakai 12. Jahilci shi ne sharaɗin ƙudurce-ƙudurcen zuciya, su kuma sharaɗin sani, sai jiki da hankali, sai ƙofofi shida, wato ido, kunne, hanci, harshe, fata da zuciya. Daga ƙofofin sai cuɗanya da abin da ke waje, daga cuɗanya sai jin daɗi ko ɗaci, sai kwaɗayi, sai riƙo, sai ƙulluwar sabuwar rayuwa, sai haihuwa, sai tsufa da mutuwa. Ba layi ba ne miƙaƙƙe da na farko ke tura na biyu dole. Babban almajirinsa Sariputta ya misalta sani a gefe ɗaya, jiki da hankali a ɗaya gefen, da dami biyu da aka jingina da juna: kowanne na riƙe da ɗan'uwansa, in an zare ɗaya, ɗayan ya zube.

Yanzu ki duba tsakiyar jerin. Wani ya zage ki a bainar jama'a. Kunnenki ya ji, ranki ya ɓaci. Wannan ba ki da iko a kansa, sharuɗɗansa sun riga sun cika. Amma tsakanin ɓacin ran da ƙishirwar ramuwa akwai 'yar tazara. Mai gafala ba ya ganinta, sai ya tsinci kansa yana ƙulla gaba ta shekaru. Wanda ya horar da hankalinsa yana ganin ɗacin ya zo, yana ganin ya wuce, bai ba shi abin ci ba. Horon da Buda ya fara koyarwa a Sarnat, kusa da Banaras, na gyaran magana da aiki da sana'a da tattara hankali, an gina shi ne don mutum ya iya tsayawa a wannan tazara. Da komai a yanke yake, da horon nan aikin banza ne.

Batun rayuwar baya kuma, gaskiya ne Buda ya yarda da sake haihuwa, ya kuma yarda da kamma, abin da aka fi sani da karma. Sai dai ya mai da ita kan niyya, ba kan hadaya ko asalin gidan da aka haifi mutum ba, wanda hakan babban saɓani ne da malaman Barahama na lokacinsa. Kuma bai ce ita kaɗai ke aiki ba. A cikin kundin Samyutta Nikaya, wani mai yawon gudun duniya, Sibaka, ya yi masa irin tambayarki. Buda ya lissafa masa sanadai takwas na ciwo: matsarmama, majina, iska, haɗuwar ukun, sauyin yanayi, sakaci, farmakin wani, sannan kamma a ƙarshe. Ya ce mai ɗora komai kan aikin baya ya wuce abin da ya sani. Saboda haka wanda ya ga majinyaci ya ce alhaki ne ke bin sa, ba da yawun Buda ya faɗa ba.

Kada kuma ki cakuɗa wannan da muhawarar malaman Musulunci. Lokacin da Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin yadda auduga ke ƙonewa idan ta haɗu da wuta, tambayarsa ita ce wane ne mai aikatawa na haƙiƙa, ya kuma amsa da cewa Allah ne. Buda bai sa Mahalicci a lissafinsa ba sam, bai kuma yarda da rai dawwamamme ba. Nan Musulmi da Kirista suka raba gari da shi, kuma ba laifi ki faɗi haka ƙarara idan za ki yi rubutu a kan wannan batu.

Akwai tambaya mai nauyi da ta rage: in babu rai dawwamamme, wa ke zaɓin, wa ke girbar sakamakon? Mabiyansa sun yi ƙarnoni suna kai-kawo a kanta, har zuwa Nagarjuna wajen ƙarni na 2 miladiyya. Amsarsu ita ce niyya ma tana da sharuɗɗanta, irin su tarbiyya, abokan zama da abin da mutum ya saba, amma ita ma sharaɗi ce ga abin da zai biyo baya. Ko wannan ya gamsar da ke ko bai gamsar ba, nan ne ya kamata ki kafa sukarki, ba a kan zargin cewa ya ɗaure ɗan Adam ba. Allah Ya ba da sa'ar karatu.